Fitilar Auta Ta Kama

Ranar da koren nan ya mutu, ihun da na kurma a ɗakin duhu sai da ya sa Dogo, abokin aikina, ya yar da kofin shayinsa ya shigo a guje, yana zaton wuta ce ta ja ni.

"Lafiya? Uwar Kore, lafiya?"

"Kar ka sake kirana da sunan nan," na ce. "Zo ka ga ikon Allah!"

Na ja hannun rigarsa har gaban kwamfuta. Ya sunkuyo, don shi komai sai ya sunkuya masa, ya ƙura wa layin da ke kan allon ido. Tudun nan da ya yi shekaru yana zaune a tsakiyar layin, tudun kore, ya kwanta shafe. Can gefe kuwa tsini ɗaya ya miƙe sambal. Dogo ya buɗe baki ya kasa rufewa, sannan ya juya ya ƙwala wa Rediyo kira. Rediyo abokiyar aikinmu ce, teburinta na jikin nawa, kuma ba a banza aka sa mata sunan ba. Tun daga baranda ta fara tambaya, ta shigo tana tambaya, da ta ga allon sai ta rungume ni muka hau tsalle, mu mata biyu da digirorinmu, a ɗakin da aka rubuta a ƙofarsa cewa a yi tafiya a hankali.

Aikina shuka waya ne. In na faɗa haka mutane dariya suke yi, amma gaskiya ce. Zinki da oksijin ake haɗawa, wato farin garin nan da ke cikin man da ake shafa wa jarirai in kunzugu ya ci su. A sa shi a murhu mai azabar zafi, tururinsa ya sauka a kan ɗan farantin da bai kai farce ba, sai 'yan wayoyi su tsiro tsaye-tsaye kamar ciyawa. Sirantarsu kuwa, gashin kai a kusa da su gungume ne. In ka ba su wutar batir sai su yi haske. Hasken da ake nema shi ne wanda muke kira yubi, mai busar da gam da tawadar maɗaba'a nan take. To amma waya in ta sirance haka kusan dukkanta fata ce, fatar kuma cike take da giɓi, duk inda ƙwayar oksijin ta fice ta bar gurbinta. Wutar da ya kamata ta zama yubi sai ta faɗa giɓin ta fito kore. Kore shar, kyakkyawa, marar amfani.

Na ƙarar da ƙuruciyata wajen toshe giɓin nan. Na gasa wayoyin a cikin oksijin, na wanke su, na lulluɓe su da siririn rufi, na sake gasawa, kullum in kunna su yi mini kore. Har ta kai ban son ganin koren mayafi a kasuwa. Sai ga shi yau rufin ya zauna daidai, giɓin ya toshe.

Farin ciki bai bar ni na yi tunani ba. Na zaro waya na kira mahaifiyata.

"Inna! Inna, fitila ta kama!"

Na ji ta ajiye wani abu mai ƙara, cokali ne ko murfin tukunya. "Auta, rantse."

"Wallahi ta kama!"

"To Alhamdu lillahi. Bari in sa yayanki ya kawo ni bayan azahar. Kar ki kashe ta." Ta katse.

Na juyo bakina har kunne. Rediyo na tafi. Dogo ne kawai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ni tambaya ɗaya nake da ita," ya ce. "In ta zo, me za ki nuna mata?"

"Fitilar mana."

"Wace? Ga ta can a kunne tun ɗazu. Kina ganinta?"

Muka waiwaya mu uku. Ɗan farantin na nan a kan teburi, wayoyin batir a jikinsa, yana zuba hasken da na yi shekaru ina nema, kuma ba abin da ido ke gani sai duhu. Yubi ai idon mutum ba ya kama shi, na'ura ce kawai ke shaida yana nan. Na san haka tun ina ajin farko a jami'a. Murna ce ta share mini shi daga kai. Na nemi kujera na zauna.

Sai kun san Inna za ku gane girman abin da na jawo wa kaina. Idonta ɗaya ne mai aiki. Ɗayan ya daɗe da tafiya. Wanda ya rage ɗin ma tun ina 'yar firamare aka yi masa aikin yana, irin aikin da, wanda ake cire ɗan madubin da ke cikin ido ba a sa wani ba, sai a haɗa mutum da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Da tabaraun nan ta raine mu, da shi ta rainar mini 'yata tun tana zanin goyo, don in samu in zauna a gaban murhu. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Abin da take faɗa kullum ɗaya ne: "Ke dai ranar da fitilar ta kama ki kira ni, in gani da idona tun yana nan." A bara likita ya gaya mana a gabanta cewa idon yana ja da baya, kuma ba wani aikin da za a sake yi masa. Tun daga nan ta daina faɗar maganar cikin wasa.

Duk unguwarmu an san Auta tana ƙera fitila. Inna ce ta sanar.

"Ki nuna mata layin kwamfuta," in ji Dogo.

"Ka taɓa ganin uwar da ta goyi jika shekara da shekaru don a nuna mata layi?" Rediyo ta harare shi. Sai ta tafa hannu, idonta ya kawo wuta. "Ku tsaya! Ina durowar kunya?"

Durowar kunya ita ce ta ƙasan kabad, inda kowa ke jefa farantan da suka lalace. Ba mai buɗe ta sai in zai ƙara wani. Rediyo ta jawo ta gaba ɗaya ta dire a kan teburi.

"Mama haske take son gani, ko? Ga haske nan cike da durowa. Mu zaɓi wanda ya fi kowanne kore mu kunna mata, ta yi murna, ta sa miki albarka, shi ke nan. Ai duk ke kika yi su, ba ƙarya a ciki."

"Akwai ƙarya a ciki," na ce.

"'Yar ƙarama ce. Ba ta kai waya kauri ba."

Na so in ƙi. Amma na tuna fuskar Inna a gaban likita, na tuna yadda za ta tsaya a duhu tana lalube da ido ɗaya ba ta ga komai ba, ta ɗauka idon ne ya ƙarasa. Wannan tunanin ne ya karya ni. Na ce su zaɓa.

Nan fa aka shiga abin da ban taɓa gani ba a ɗakin gwajin nan. Mutanen da kullum ke ɓoye abin da suka ɓata, yau kowa na tallan nasa.

"Wannan nawa ne," in ji Dogo, ya ɗaga wani da hantsaki. "Ranar na manta ban buɗe oksijin ba sam. Giɓi ne zalla. In kin kunna shi har karatu za ki yi."

Rediyo ta ce, "Kai tafi can! Nawa ya fi lalacewa. Wannan da kake gani a murhu ya kwana, ya fito kamar bakin tsohuwa."

"Ku ji ta! Wallahi kaf ginin nan ba wanda ya kai ni ɓata faranti!"

Muna cikin haka ƙofa ta buɗe, Farfesa ya shigo. Shugaban ɗakin ne, dattijo mai furfura, wanda in ya yi gyaran murya ɗalibai ke neman wurin ɓuya. Muka yi tsuru-tsuru. Rediyo, da yake bakinta ba ya iya riƙe komai, ta zayyana masa labarin tun daga farko. Ya je ya dubi allon kwamfuta ya daɗe, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce mini, "Madalla, 'yata. Madalla." Sannan ya dubi durowar, ya taɓe baki.

"Waɗannan ne kuke kira lalatattu? Yara ne ku." Ya fita. Can sai ga shi ya dawo da wani ɗan gwangwani mai tsatsa, ya buɗe a hankali, ya zaro wani tsohon faranti. "Wannan na yi shi tun kafin a haife ku. Malamina da ya gan shi sai da ya ce in koma gida in nemi wata sana'a. Ku kunna ku gani."

Muka kunna. Ɗakin duhu ya koma kore har muna ganin haƙoran juna. Dogo ya durƙusa ya ce ya sallama. Farfesa ya tsaya yana shafa gemu, yana alfahari da abin kunyarsa, mu kuwa dariya har da riƙe ciki. Duk da haka na ce a'a, in dai za a yi wa Inna dabara, to da nawa za a yi. Na zaɓi wani tsohon farantina mai kore sosai, muka kafa shi a tsakiyar teburi. Na gaskiyar kuma na kashe shi na tura shi gefe. Ban iya cire masa wayoyin batir ba, zuciyata ba ta ba ni ba.

Bayan azahar Yaya ya sauke Inna a bakin gini ya wuce wurin aikinsa. Na fito na tarbe ta. Ta ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure, ta riƙe hannuna muna hawa matakala tana ƙirga mini mutanen unguwar da ta gaya wa kafin ta fito. Da ta shiga ɗakin gwaji ta gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi Dogo ko ana ba shi abinci a gida, ta ce wa Rediyo, "Ke ce mai surutun? Ina jin labarinki." Farfesa ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Mama." Ta ce, "Malam, sannu da haƙuri da ita. Tun tana ƙarama haka take, in ta kafa kai sai ta ga ƙarshen abu."

Ta leƙa murhu ta ce ya fi nata tsabta. Na nuna mata farin garin na gaya mata ko mene ne.

"Au! Wato man gindin jarirai kike dafawa duk shekarun nan? Da kin faɗa ai da na ba ki ragowar na 'yarki."

Dokar ɗakin duhu ita ce kowa ya sa tabaraun kariya, saboda yubi ba ya wasa da ido. Na ba Inna nata. Ya ƙi hawa kan mai gindin kwalba. Muka juya shi ta nan, muka juya ta can, a ƙarshe ya ɗan zauna a karkace, ta ce ya yi, mu tafi. Muka shiga mu biyar, Dogo ya rufe ƙofa ya kashe wutar ɗaki.

"Bismillah," na ce. Na danna.

Kore ya tashi shar a tsakiyar teburi. Rediyo ta saki guɗa. Dogo ya hau tafi kamar an biya shi. Har Farfesa na ji yana cewa, "Kai, kai, kai! Masha Allah!" Ban taɓa ganin munanan 'yan wasan kwaikwayo irinsu ba.

Inna kuwa ta ƙura wa koren ido. Ta matsa kusa, ta sunkuya, ta ɗago. Da tafin ya lafa sai ta ce, "Auta."

"Na'am, Inna."

"Wannan ba kore ba ne?"

"Kore ne."

"Ba shi ne wanda kike dawowa gida kina zagi ba? Kore, kore, kore, har 'yarki da ta fara magana da shi ta fara. Ranar da na saya miki koren zani ba cewa kika yi in ba maƙwabciya ba? Yau kuma shi ake wa guɗa?"

A cikin koren hasken na ga Rediyo tana ja da baya tana ɓuya a bayan Dogo. Ashe duk mitar da nake yi ina cin abinci a tsaye, Inna na ji, ta kuma riƙe. Kunya ta rufe ni, sai kuma hawaye.

"Inna, ki yafe mini. Ta gaskiyar tana nan, ta kama, wallahi ta kama. Amma haskenta ido ba ya ganinsa. Ba naki kaɗai ba, na kowa. Ni ma ban taɓa gani ba. Na ji tsoron ki tsaya a duhu ki ɗauka..." Na kasa ƙarasawa.

"In ɗauka idona ne ya tafi." Ta ƙarasa mini. "To ai ba wannan na zo gani ba. Kashe shi. Kunna mini wadda na yi wa goyo, ko ban gani ba in tsaya a gabanta."

Na kashe kore. Duhu ya rufe mu, ko tafin hannu ba ka gani. Na laluba na jawo ɗan farantin, na danna maɓallinsa. Ba abin da ya canza. Na tsaya ina haɗiye kuka, ina jin numfashin mutane huɗu.

"Kai!" in ji Inna. "Kai, Auta! Ashe haka take?"

Na ji zuciyata ta ƙara karyewa, don na ɗauka lallashina take. "Inna, ba sai kin..."

"Yi mini shiru in kalla. Ji wani haske! Ku kuma da kuka cika mini kunne da tafi ɗazu, yanzu da abin tafin ya zo kun yi gum?"

Ba wanda ya motsa. Sai na ji hannun Dogo ya wuce ta gefena a hankali, ya zare wayar batir ba tare da ko ƙwas ba.

"Wa ya kashe?" Inna ta daka tsawa. "Dogon nan, kai ne ko? Mayar!"

Ya mayar.

"Yauwa."

Ya sa tafin hannunsa ya kare farantin.

"Cire hannunka, ɗan nema!"

Rediyo ta fasa ihu. Dogo ya ja da baya ya yi karo da durowar kunya, ta zube ƙasa. Cikin hayaniyar na ji muryar Farfesa. "Mama! Mama, don Allah, aikin idon da aka yi miki, an sa miki wani madubi a ciki?"

"Ba su sa komai ba, Malam. Cirewa suka yi suka ba ni tabarau."

"Kuma na kariyar da aka ba ki yana ina?"

"Ga shi a goshina. Ya dame ni."

Farfesa ya fashe da wata irin dariya da ban san yana da ita ba. "Madubin! Madubin cikin ido ne ke tare yubi, shi ya sa mu ba ma gani! Ita an cire nata! Na karanta a littafi, ban taɓa zaton zan tsaya kusa da mai shi ba. Jama'a, tana gani! Kaf ginin nan ita kaɗai ke gani!"

Ɗakin ya kacame. Rediyo na guɗa, ta gaske wannan karon. Dogo na ta maimaita "La ilaha illallahu" yana tattaka farantan mutane. Ni kuwa dariya nake ina kuka, na rasa wanda zan bari. Idon da muke tausayi, wanda muke karanta wa rubutun jikin magani, wanda muke riƙe wa hannu a matakala, shi ne ya ga fitilata.

Sai maganar Farfesa ta dawo mini ta wata fuskar. In ba abin da ke tare hasken, to kai tsaye yake shiga cikin idon, ido ɗaya tilo da ya rage mata. Na kai hannu kan maɓalli.

"Inna, zan kashe. Zai iya yi wa idonki illa."

Ta damƙe wuyan hannuna. Ƙarfin da ke hannun tsohuwar nan ya ba ni mamaki.

"Ɗan ƙara mini kaɗan."

"Inna, don Allah."

"Kaɗan, Auta. Na daɗe ina jira."

Na ƙara mata gwargwadon numfashi biyu, sannan na danna. Ba ta yi faɗa ba. Ta saki ajiyar zuciya, hannunta na nan a kan nawa. Dogo ya laluba zai kunna wutar ɗaki, Farfesa ya ce masa a hankali ya bari tukuna.

Muka tsaya a duhu. Akwai tambayar da ke cina, wadda duk na'urorin ɗakin nan ba su taɓa amsa mini ba, na kuma ji kunyar yin ta a gaban mutane. Na matsa kusa da kunnenta.

"Inna," na ce, "yaya take?"

"Au, da gaske ba ki taɓa gani ba?"

"Ko sau ɗaya."

Ta jawo ni jikinta kamar lokacin da nake ƙarama in za ta ba ni labari.

"To saurara in gaya miki," ta ce. "Fara ce, amma da ɗan shuɗi-shuɗi a bakinta. 'Yar mitsitsiya, ba ta rawa, ba ta ƙyaftawa. Kuma Auta, na duba ta sosai, ta ko'ina na duba. Babu kore ko ɗigo."